Shekarar da Na Yi wa Tazargade Rumfa

Makon jiya samari uku suka zo lambuna a kan babur ɗaya. Bayan mun gaisa, babbansu ya ce sun yanke shawarar shiga noman tazargade, domin sun lura ba ta da wahala: ciyawa ce, akuya ba ta cin ta, ɓarawo ba ya satar ta, kuma sun ji an ce ko ruwa ba ta so. Iri kawai suke nema a wurina. Na ƙulla musu a takarda na ba su. Na so in yi musu bayani, amma ni ba gwanin magana ba ne a gaban mutane, kafin in gama shirya abin da zan ce sun tayar da babur. Shi ya sa na zauna na rubuta, ko Allah zai sa takardar ta riske su kafin su dasa.

A hannun Baba Tanko na koyi wannan sana'a. Dattijo ne dogo, mutumin wajen Ruma, kakanninsa masu magani ne tun kafin gidansu ya musulunta. Da zaman bakin daji ya gagara, ya kwaso iyalinsa ya dawo ƙauyenmu, tsakanin Batsari da Safana, mai unguwa ya ba shi aron wani fili a gefen tsohuwar rijiya. Ni a lokacin na gama sakandare, ina zaune a zaure ina sake karanta littattafan da na riga na karanta. Mahaifina ya gaji da ganina, ya ce, "Tun da ba ka magana, tafi wurin Tanko. Ganye ma ba ya magana, sai ku shirya."

Aikin farko da aka ba ni shi ne riƙe iri. Irin tazargade ba a ƙirga shi, gari ne kamar na barkono, abin da zai cika lambu bai cika cokalin shayi ba. Baba Tanko ya zuba mini na shekara guda a tafin hannu, ya juya zai ɗebo yashin da ake gauraya shi da shi. Ni kuwa na kai hancina kusa don in duba shi da kyau. Atishawa ɗaya na yi. Da ya juyo ya dubi tafin hannuna, ya dubi inda iska ke kaɗawa, ya ce, "Ɗan boko, ka shuka gonar mutum ukku da hanci." Bayan wata biyu maƙwabcinmu mai albasa ya zo yana tambayar wace irin ciyawa ce ta fito masa mai warin asibiti.

Daga nan na koyi reno. Ana gauraya irin da yashi mai laushi, a barbaɗa a kan kwami, wato ɗan filin da aka gyara aka yi wa baki, ba a rufe shi da ƙasa. Ba a zuba masa ruwa da guga, domin guga ɗaya zai kwashe shi ya tara shi a kusurwa guda. Tsintsiya ake tsomawa a ruwa a yarfa, safe da yamma, har sai ya fito ya yi ganye biyar ko shida. Kayan aikinmu duka ke nan: guga da igiya, tsintsiya, ƙaramar fartanya, lauje, da tsofaffin zana da ake shanya ganye a kai a inuwa. Sai kuma sanda ɗaya, wadda ita ma tana da labarinta.

Shekarata ta biyu Baba Tanko ya ware mini kwami huɗu ya ce in dasa da kaina. Na tambaye shi tazara, ya ce, "Kamu biyu tsakanin kowane gindi." Na rubuta a littafina. Na durƙusa na auna daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsa, sau biyu, gindi bayan gindi, ban kuskure ko ɗaya ba. Layina ya fi nasa miƙewa, har masu wucewa suna yabawa. Da ta girma sai tawa ta yi ta tsere zuwa sama, sirara, kowace tana neman ta riga 'yar'uwarta ganin rana. Ganyen ƙasa ya yi rawaya ya zube tun lokaci bai yi ba. Da aka yi kwana shida ba ruwa, tasa tana tsaye, tawa duk ta langaɓe rana ɗaya, domin saiwoyin sun haɗu a ƙasa suna ƙwacen laima guda.

Na kai masa littafin na nuna masa. "Baba, kamu biyu ka ce."

Ya ce, "Kamun wa?"

Ya jera hannunsa da nawa. Yatsuna a wuyan hannunsa suka tsaya. Ya shiga daji ya saro sabara, ya auna da nasa hannun sau biyu, ya datse ya miƙo mini. "Ga hannuna nan. Naka ka bar shi ma rubutu." Sandar tana nan har yau, da ita nake dashe. Na auna ta da rula na rubuta tsawonta a wuri uku, saboda gara.

Kada samari su ce to sai a buɗa mata sosai a huta. Na gwada, a layi ɗaya, a ɓoye. Idan tazara ta yi yawa sai ta miƙe ƙafa, ta yi kara mai kauri kamar za a yi rufin ɗaki da shi, ciyawa ta cika tsakani, rana ta dafa ƙasar da ba inuwa. Mai saye kuwa ganye yake nema, ba itacen girki ba.

Babban sirrin aikin shi ne abin da Baba Tanko yake kira horo. Maganar da samarin nan suka ji, cewa tazargade ba ta son ruwa, rabinta suka ji. Tana ƙarama in ka bar ta da ƙishirwa, ta tsugune ke nan, ba za ta ƙara tashi ba. Sai ka shayar da ita ta kai ƙirjin mutum. Ranar da ka ga alamar fure ya fara ƙullawa a kan rassan, ranar za ka ɗauke guga, kamar mako guda zuwa kwana goma. Da rana tsaka za ta sunkuyar da kai, ka bar ta. Da sassafe za ka je ka duba: in ta miƙe, horo na tafiya daidai, in har safiya tana sunkuye, ka wuce gona da iri, sai ka ba ta kaɗan ka ba ta haƙuri. A cikin waɗannan kwanaki ganyen ke yin danƙo a hannu, warinsa ya kama riga har wanki biyu, ɗacin kuma ya taru. Wadda aka yanka a ƙoshe tana da kyau a ido, amma ruwa ce.

Mai sayen ganyenmu ita ce Inna Delu, 'yar ƙauyenmu, mai shimfiɗar magani a kasuwannin Batsari da Safana. Ita ba ta ɗanɗanawa, ta ce harshenta ya mutu tun tana da goyon fari. In ka kawo buhu sai ta tsinke ganye ɗaya, ta kira duk wanda tsautsayi ya biyo da shi, yawanci ɗan acaɓa, ta ce, "Zo ɗana, taimaka ma uwarka." Ya tauna, ita kuma ta zuba wa fuskarsa ido. In gira kawai ya ɗaga, na ƙasa ne. In ido ɗaya ya rufe, matsakaici. In ya tofar ya ce, "Inna, me na yi miki?" to wannan shi ne na ɗaya, a ƙarƙashin tabarma take ɓoye shi sai wanda ta sani.

Ga inda wahalar take. An fi neman tazargade da tsakiyar damina, lokacin da zazzaɓi ke kwantar da mutane. Don haka muke reno tun bazara da ruwan rijiya, mu yanka daidai lokacin. Amma da tsakiyar damina ba kai ke riƙe da guga ba. Ka ɗauke naka, sama ta zubo nata. Baba Tanko yakan yi kunya mai tudu don ruwa ya gangare, sauran ya bar wa Allah. Shekarar da aka yi ruwa da yawa ganyensa ya yi salam, Inna Delu ta yi masa tsiya, ya yi dariya, a wuce wurin.

Bayan rasuwarsa mai unguwa ya bar mini filin a kan aron da yake. Ni kuwa na daɗe ina tunanin abu ɗaya: in ruwan sama ne matsalar, a hana shi taɓa ganyen mana. Na saro dirkoki, na samo babbar leda irin wadda ake rufe kaya a bayan a-kori-kura, na yi rumfa mai gangara a kan kwamin da ya isa horo, na haƙa lambatu na zagaye shi. Dashena kashi uku ne, ba rana ɗaya suke isa ba, don haka in na yanka ɗaya sai in matsar da rumfar kan na gaba. Tun da daɗewa kuma ina da gwangwanin madara a kan wani turke, kowace safiya nakan tsoma tsinke in auna ruwan da ya sauka, in rubuta. Ba wanda ya taɓa kula da shi.

Ranar da na ɗaure igiyar ƙarshe ta rumfar, hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta gabas. Mutane suna ta kwashe shanya. Ya taso har ya zo kan gari, iska ta kaɗa, ya watse. Daga ranar ba a ƙara ganin ɗigo ba.

Mako ɗaya, ba wanda ya damu. Mako biyu, gero da ya fara fitar da kai ya tsaya cak, ganyen dawa ya naɗe, gyaɗa ta kwanta. Aka fita roƙon ruwa sau biyu. Na je duka biyun, a sahun baya inda na saba tsayawa, daga baya na ji wani ya ce ya saurara da kyau, amin ɗin da nake cewa ba ta fita sosai. Muryata ke nan tun ina yaro. Liman ya yi wa'azi ya ce ruwa a hannun Allah yake, babu mahaluƙin da ya isa ya ɗaure shi. Kowa ya ce gaskiya ne. Amma in an tashi daga masallaci sai a bi ta gefen rijiya a tsaya ana kallon rumfata. Da na san abin da ake faɗi da na sauke ta, tun da ba ruwan da take tarewa. Na bar ta ne don kada a yi ruwa bagatatan. Saura kwana huɗu in yanka kashi na uku, wanda ya fi yawa, wanda Inna Delu da bakinta ta ce in hora mata shi har ya yi kuka.

A garinmu in fari ya yi tsanani, tsofaffin mata sukan sa kayan maza su zaga gari suna roƙo. Ina cikin duba ganye da hantsi na ji guɗa tana matsowa. Na ɗaga kai na ga mata kusan ashirin cikin riguna da huluna, wasu da fartanya a kafaɗa. A gabansu Inna Delu, cikin babbar rigar marigayi mijinta tana jan ƙasa, hula ta rufe mata kunne ɗaya. Bayansu mai unguwa da rabin gari. Ba su zaga ko'ina ba, lambuna suka nufo kai tsaye.

Na durƙusa na gaida mai unguwa. Ya amsa har ƙarshe, ya tambayi mahaifina, ya tambayi aiki, sannan ya ce, "Hamisu, tambaya guda ta kawo mu. Kana son ruwa ko ba ka so?"

Duk wani mai wayo ya san amsar. Ni kuwa na tsaya na yi tunani, domin ban son in faɗi abin da ba daidai yake ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ina so. Amma da zai jira kwana huɗu, da ya fi."

Wurin ya kaure. Inna Delu ta buga fartanya a ƙasa. "Kun ji ko! Har rana ya sa mashi!"

Na ce, "Inna, ke fa kika ce in hana shi ruwa."

"Ganye na ce ka hana, ɗan nema. Na ce ka hana gari?"

Mai unguwa ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya nuna turke. "Wanga gwangwani na mine ne?"

"Na auna ruwa ne, ranka ya daɗe."

"In ka auna, ka kai shi ina?"

"Littafi."

"Kawo littafin."

Na ciro shi daga aljihu. Mai unguwa bai yi boko ba amma ya san lamba. Ya bi shafin da yatsa daga sama zuwa ƙasa: sifili, sifili, sifili, kowace rana da nata, a jere, da rubutu mai tsabta. Ya ce, "Da hannunka ka rubuta babu."

"Sai bayan bai zo ba nake rubutawa."

Ya ci gaba da bin shafin. Ni mutum ne mai son tsari, tun farkon wata nake jan layi in rubuta kwanakin duka. Yatsansa ya wuce yau ya sauka a kan gidajen da ba a cika ba. Ya ɗaga littafin sama ya nuna wa jama'a. "Ga gobe da jibi ma ya riga ya gina masu ɗaki."

Wata tsohuwa ta ce innalillahi. Wani daga baya ya ce dama wanda ba ya magana ba a san abin da yake yi da bakinsa ba.

Hukuncin bai yi tsawo ba. Mai unguwa ya ce shi ya san ruwa na Allah ne, liman ma ya faɗa. Amma filin nan aro ne. In sauke rumfa, in kife gwangwani, in shayar da ganyen nan da hannuna a gaban kowa. In kuwa na ƙi, kafin la'asar in kwashe tsintsiyata in ba da wuri, mai albasa ya daɗe yana so.

Na dubi kwamin. Kwana shida tana horo, ganyen ya fara danƙo, warin yana tashi har inda suke tsaye, ban taɓa yin mai kyau irinta ba. Na dubi rijiyar, wadda babu irinta a wannan gefen gari, da kunyoyin da Baba Tanko ya tayar da hannunsa. Na kwance igiya. Mata suka kama ledar suka naɗe, suna guɗa. Na jefa guga. Inna Delu ta tattare rigar mijinta ta bi ni gindi-gindi tana duba aiki. "Ƙara ma wancan, bai ƙoshi ba. Kai, zuba da zuciya ɗaya." Sai da ƙasa ta daina sha suka tafi.

Washegari da azahar aka kece da ruwa. Kwana uku ana yi. Gero ya miƙe, kwatami ya cika, katangar garken Inna Delu ta faɗi. Ta aiko a ce mini na saki ruwan da yawa, wani karon in riƙa yi a hankali.

Fure ba ya jira, dole na yanka a haka. Na shanya a inuwa, na cika buhu, na ɗora a babur zuwa Safana. Inna Delu tana kan shimfiɗarta cikin zanenta na kullum. Ta tsinke ganye, ta kira wani ɗan acaɓa. Ya tauna. Muka zuba masa ido. Ya haɗiye, ya lashe baki, ya ce, "Inna, da da ƙuli-ƙuli da an yi kwaɗo."

Ta ture buhun da ƙafa. "Mi ka kawo man? Salak?"

Na ce, "Inna, ke kika tsaya a kaina na shayar da ita."

Ta ce, "Wancan mai riga ne, manomin gero. Je ka neme shi. Ni mai magani ce, kuma ban sayen ruwa."

Na dawo da buhun gida na ajiye a bakin zaure. Da safe na tarar awaki sun huda shi sun cinye rabi. Wannan ita ce shekarar da akuya ta ci tazargade, samarin da suka ce ba ta ci su rubuta.

Filin dai ya tsira, amma sai wata sana'ar ta same ni wadda ban nema ba. Mai ginin katanga ya zo ya ce in riƙe masa ruwan sama kwana biyu. Mai shanyar gyaɗa ya ce shi yini ɗaya ya ishe shi. In na ce ban iya ba, sai su gyaɗa kai su ce ai dole in ce haka. Wani mai bikin suna ya zo, kunya ta hana ni cewa komai, aka yi sunan ba ruwa, ya aiko da zakara. Na mayar, aka ce na raina ne, ya aiko da biyu.

Da kaka ta yi na zauna da littafina na ga mafita ɗaya ce. In koma noman rani. In yi reno bayan an kwashe amfanin gona, in dasa da sandar Baba, in shayar da rijiya, in yi horo lokacin da babu mai zubo mini komai daga sama, in shanya, in rufe a tukwane har zazzaɓin damina ya zo. Jan ruwan ya ninka, tafin hannuna ya zama kamar fatar guga, amma ƙishirwar tana hannuna. Ganyen farko da na kai, ɗan acaɓan da ya tauna bai ƙara bi ta layin Inna Delu ba.

Saboda haka, ku da kuka karɓi iri: kada ku kai shi kusa da hanci. Ku zo ku auna sandar, kada ku yi da hannunku. Ku shayar da ita tana ƙarama, ku hore ta tana babba, ku riƙa zuwa da sassafe kuna duba ko ta miƙe. In kuma babba ya tambaye ku ko kuna son ruwa, ku ce kuna so, ku yi shiru.

Kafin in koma ranin sai da na je neman izini, tun da filin aro ne. Mai unguwa ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Da rani? To, ɗaure abinka, ba mai buƙata. Amma da lokacin shuka ya yi, ka sake." Tun daga shekarar ba a taɓa yin ruwa da rani ba a garinmu, kuma kowa ya san dalili. Duk bazara in zafi ya kai maƙura, yakan tako da sandarsa har bakin rijiya, mu gaisa, ya ce, "Hamisu, mutane sun gama sharar gona." In ce, "To, ranka ya daɗe."

Bana ma ya zo, na ce to. Ruwa ya sauka bayan kwana tara. Ya aiko a gaya mini an gode, amma na yi jinkiri.